Yadda Za Ku Ɗora Yaro Kan Karatun Turanci a Gida: Sauti, Harɗaɗɗun Kalmomi da Nahawun Farko

A unguwanninmu na Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare har Bukuru, ba wuya ku samu yaro ɗan aji uku a firamare yana rera A B C har zuwa Z ba tuntuɓe, amma da zarar an rubuta masa kalma mai haruffa uku wadda malama ba ta taɓa biya musu ba, sai ya yi tsuru yana kallon bakin mutum. Wasu iyayen su ce yaron ba ya ja, wasu su canza masa makaranta, wasu su ƙara kuɗin lesin. Galibi kuwa kan yaron lafiya lau yake. Sunayen haruffa aka koya masa, ba a koya masa sautinsu ba. Sunan C shi ne "si", na A "e", na T "ti". Ko za a kwana ana haɗa si da e da ti, ba za su haifi *cat* ba. Sauti uku ne ke haifar da ita: k, a, t.

Koyar da karatu ta hanyar sautin haruffa shi ake kira foniks. Turanci yana da haruffa 26, amma sautukan da ake furtawa sun kai kusan 44. Shi ya sa harafi ɗaya kan yi aiki biyu ko uku, wani wurin kuma haruffa biyu su haɗu su ba da sauti ɗaya. A Ingila kanta, inda yara ke shan harshen tun a nono, rahoton Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar a mayar da foniks ginshiƙin koyar da karatu, kuma tun 2012 ana gwada ƙananan yaran firamare da kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a tabbatar karantawa yaro yake yi ba hadda ba. In 'ya'yan masu harshen suna buƙatar wannan, ina ga namu?

Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san hanyar: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan a haɗa a karanta. Abin da ya kamata a ƙara sani shi ne, yawancin littattafan foniks don yaran Turawa aka tsara su, waɗanda kunnensu ya riga ya raba p da f. Ɗan Bahaushe da harshensa yake zuwa. Akwai inda Hausa za ta ɗauke masa rabin aikin, akwai kuma inda za ta ja shi baya, kuma duk wuraren nan sanannu ne. A kansu za mu fi tsayawa.

Abin da za ku tanada

Ba sai kun sayi abu mai tsada ba. Kwalin taliya ko na sabulu da aka yayyanka daidai faɗin tafin hannu, baƙin alƙalami mai kauri, littafin rubutu ɗaya, murafun kwalbar lemo biyar ko shida, da ƙaramin madubi. Kowane kati harafi ɗaya, ƙarami ba babba ba, domin ƙananan haruffa ne suka cika littafi. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa, amma kullum. Bayan la'asar ya fi, kafin gajiya da sanyin yamma su sa yaro neman bargo. Awa biyu ranar Asabar kaɗai ba ta kai wannan amfani ba.

Sai ku kanku. Yawancinmu ba a koya mana sautukan nan ba, don haka ku saurari sauti kafin ku koyar da shi. Ƙamus ɗin Cambridge da na Oxford na intanet suna da wurin dannawa a ji lafazin kalma kyauta, na Ingila da na Amurka. Ku riƙe na Ingila, shi makarantunmu da takardar lafazi ta WAEC suka fi bi.

Mataki na farko: kunne kafin ido

Makon farko ku ajiye katin, wasan baki za a yi, kuma da Hausa. Ku ce, "Zan yayyanka kalma, kai kuma ka haɗa ta: k, i, f, i." Yaro ya ce kifi. Sai rana, sai mota. Daga nan ku juya, ku faɗi kalma shi ya yayyanka, yana tura murfin kwalba ɗaya gaba a kan kowane sauti. Ku tambaye shi da wane sauti sabulu ya fara, da wanne tebur ya ƙare.

In ya iya karanta Hausar boko ko da kaɗan ne, ku gode wa Allah. A rubutun boko kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, kuma yaron da ya iya haɗa b da a ya samu ba ya gano sirrin karatu. Ban yarda da masu cewa Hausa na ɓata wa yaro Turanci ba, har su hana shi yin ta a gida. Abin da ake buƙata shi ne a nuna masa inda harsunan suka rabu. Harafin c a Hausa shi ne na ci da ciki, Turanci kuwa da ch yake rubuta wannan sautin. Sannan p, q, v da x babu su a jerin baƙaƙen boko.

Mataki na biyu: haruffa shida na farko

Kada ku bi jerin A B C. Tsarin Jolly Phonics, wanda ya fito a Ingila a 1992 kuma makarantu da dama a Najeriya ke amfani da shi, ya raba sautuka 42 gida bakwai, ya fara da s, a, t, i, p, n. Da waɗannan shida kaɗai ana gina kalmomi masu yawa: *sat, pin, tap, sit, nap, pan, ant, tin*. Ta ƙarshen nan ku gaya masa ita ce kuzar da aka haƙa a ƙasar nan tamu har Jos ta bunƙasa, ita ce kuma gwangwani. Tun mako na biyu yaro zai ga ya karanta kalma da kansa, kuma wannan daɗin ne ke dawo da shi kan tabarma gobe.

Tarkon farko yana nan. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, kuma yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka bakinmu ya saba ɗora wa kowane baƙi wasali. Sai mai koyarwa ya ce "sa", "ta", "pa" maimakon s, t, p. Yaron da aka koya wa haka, in aka ba shi *sat*, zai haɗa sa da a da ta ya ce "sata". Ku ja s da tsawo, ssss, kada ku buɗe baki a ƙarshe. Su t da p kuwa gajeru ne, iska ce zalla, murya ba ta shiga.

Wajen haɗawa, ku jera katin s, a, t da ɗan tazara. A sa yatsa ƙarƙashin kowanne a faɗi sautinsa. Sai ku matso da su, ku ja yatsa daga hagu zuwa dama ba tare da yanke numfashi ba: sssaaat. Ku fara da kalmomin da baƙinsu na farko ke jawuwa, s da n, sun fi masu farawa da t ko p sauƙi. In yaro ya tsaya, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku sa baki. Kada ku faɗa masa kalmar, ku mayar da shi kan sautin farko. Kada kuma ku ce ya duba hoto ya canka, ɗabi'a ce mai wuyar cirewa.

In haɗawar ta zauna, sai ku riƙa canza kati ɗaya kacal: *sat* ta koma *sit*, ta koma *pit*, *pin*, *pan*, *tan*. Kowace rana a rufe da shifta ta kalma uku, ya ƙirga sautukan da yatsu kafin ya rubuta. Sauti uku ko huɗu a mako ya isa. Bayan shidan farko sai c da k, e, h, r, m, d, sannan g, o, u, l, f, b. A wannan matakin c sautin k yake bayarwa. Daga baya za ku gaya masa in e, i ko y ta biyo shi sai ya koma s, kamar a *city*.

Mataki na uku: inda bakin Bahaushe ke karyewa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne littattafan waje ba sa tsayawa.

Ku fara da p da f. F ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, kuma yana sauyawa daga gari zuwa gari, wani wurin ya karkata zuwa p, wani wurin zuwa h. A wurinmu ma'ana ba ta canzawa. Shi ya sa aron da muka yi duk f ya koma: firamare, fenti, famfo, filo. A Turanci kuwa sautuka biyu ne da ke raba ma'ana. F, haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska na fita. P, leɓɓa ke rufewa gam sannan su buɗe da ƙarfi. Ku ba yaro madubi ya kalli bakinsa. Sannan ku yanki siririyar takarda ya riƙe gaban leɓensa. In ya ce *pan* daidai, takardar za ta yi tsalle sau ɗaya. In ya ce *fan*, kwantawa za ta yi a hankali muddin iskar na fita. Yara na son wannan ƙwarai. Za ki ji, "Umma, kin gani? Ta yi tsalle!" Sai ki ce, "Na gani, ɗan albarka. To ɗora haƙoranka a kan leɓen ƙasa, ka ce *fan* mu ga abin da za ta yi."

Amma kafin baki, kunne. Ku ba shi katin p a hannun dama, f a hagu. Ku faɗi kalma, ya ɗaga katin da ya ji: *pan* da *fan*, *pull* da *full*, *pin* da *fin*, *pile* da *file*, *copy* da *coffee*. Wanda bai ji bambancin ba ba zai iya furta shi ba, balle ya rubuta daidai.

V kuma b muke mayar da shi, kamar a talabijin da direba. Bakin f ɗin Turanci ake yi, sai a ƙara murya. Ya sa hannu a maƙogwaro: a *fan* shiru, a *van* zai ji rawa. Sai a gwada *van* da *ban*, *vest* da *best*, *vote* da *boat*.

Th iri biyu ne, mara murya a *thin*, mai murya a *this*, duk da kan harshe tsakanin haƙora. Bahaushe kan mayar da su s da z. Yaran Jos kuma, saboda cuɗanya da masu buroka a makaranta da layi, sukan mayar da su t da d. Don haka ku yi gwajin ta ɓangare biyu: *think* da *sink*, *thick* da *sick*, *mouth* da *mouse*, sannan *three* da *tree*, *thin* da *tin*, *they* da *day*. Ku bar shi ya fito da harshe sosai a farko, daga baya zai daidaita da kansa.

Sai baƙaƙe masu cunkoso. Dubi yadda muka yi da burodi, birki, fulawa da sukudireba: duk inda baƙi biyu suka haɗu mun cusa wasali a tsakani. A Hausa wannan daidai ne, kalmominmu ne, kada a yi wa yaro dariya a kansu. A karatun Turanci kuwa sai a gina kalmar daga baya zuwa gaba. Ya karanta *top*, sai a ja s a manna a gaba ta zama *stop*. *Lip* ta zama *slip*, *pot* ta zama *spot*, *rip* ta zama *trip* ta zama *strip*. Cunkoson ƙarshen kalma ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi: *ten* da *tent*, *ban* da *band*, *desk*, *hand*, *test*. Ku dage a nan, domin a wutsiyar kalma nahawun Turanci ke zama. Yaron da ke haɗiye ƙarshen kalma zai haɗiye s ɗin jam'i da ed ɗin shuɗaɗɗen lokaci.

Mataki na huɗu: wasula da haruffa masu tafiya bibbiyu

Hausa na da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo. Kunnen da ya raba garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi zai iya raba *ship* da *sheep*, *fill* da *feel*, *live* da *leave*, *full* da *fool*. Bambancin Turancin bai tsaya ga tsawo kaɗai ba, amma ta wannan ƙofa za ku shiga. Masu wuyar su ne *cat, cut, cot, cart*, da *bed* da *bad*. A nan ku dogara da muryar ƙamus, ku ɗauki biyu kawai a zama ɗaya.

Sh yaro ya san shi daga shayi da shinkafa. Ch kun riga kun yi bayaninsa. Sai ng, ck, qu, sannan ai, ee, oa, oo, ou, oi, ar, or, er. Ku kula da ai: a *rain* da *wait* sunan harafin A yake bayarwa, ba ai ɗin kai da rai ba. Au ɗinmu na sauro kuma shi ya fi kusa da ou na *out* da ow na *cow*. Daga nan sai e ɗin ƙarshe da ba a furtawa amma yana sa wasalin tsakiya ya faɗi sunansa. Ku riƙe katin e a hannu, ku manna ku cire: *hat* da *hate*, *pin* da *pine*, *hop* da *hope*, *cut* da *cute*.

Akwai kalmomin da ba sa bin ƙa'ida amma suna ko'ina: *the, said, was, one, two, you, come, who*. Uku a mako. Ku nuna masa ɓangaren da ke bin ƙa'ida da wanda za a riƙe a ka. A *said*, s da d lafiya suke, tsakiyar ce kawai matsala. Haruffan da ba a furtawa ma a nan za su shigo: k a *knife*, w a *write*, b a *comb*, t a *listen*.

Mataki na biyar: harɗaɗɗun kalmomi

Wannan ne gadar da ke fitar da yaro daga ƙananan kalmomi zuwa dogaye. Yaron da ya ga *sunset* ya tsorata, ku rufe rabinta da yatsa. Ya karanta *sun*, ya karanta *set*, ya haɗa. Ku fara da waɗanda zai iya furtawa da sautukan da ya sani: *handbag, dustbin, laptop, catfish, backpack*. Ku rubuta rabi-rabi a katuna, ku barbaza a tabarma, ya nemo abokin kowanne.

Ba baƙon abu ba ne a wurinsa, Hausa cike take da harɗaɗɗun sunaye: jirgin sama, ɗan sanda, gashin baki, uwargida. Bambanci ɗaya ne babba, kuma in ya kama shi ya huta. A Hausa ainihin abin shi ke zuwa a farko, bayaninsa ya biyo: ƙwallon ƙafa ƙwallo ce, ɗakin kwana ɗaki ne. A Turanci a ƙarshe ainihin abin yake: *football* ƙwallo ce, *bedroom* ɗaki ne, *toothbrush* buroshi ne. Don haka ku koya masa ya karanta daga hagu, amma ya fassara daga dama. Ku ba shi *rainwater, classroom, raincoat, firewood*, ku tambaye shi, "Mene ne abin? Ruwa ne ko ɗaki ko riga?" Amsar tana cikin kalmar ƙarshe.

In za ku Farin Gada sayen kayan miya, ku tafi da shi da littafinsa. Harɗaɗɗun kalmomi na zube a kasuwar: *groundnut, watermelon, pineapple, strawberry, wheelbarrow*. A hanya kuma ga *roundabout, motorcycle, bus stop*. A nan ne zai tambaye ku me ya haɗa abarba da tuffa, wato *apple* ɗin da ke cikin *pineapple*. Sai ku ce babu, kamar yadda gidan sauro ba na sauro ba ne, farin ciki kuma ba ciki ne ya yi fari ba. Wasu harɗaɗɗun ma'anarsu ta bar ta sassansu, a dunƙule ake riƙe su, irin su *pineapple* da *butterfly*.

Rubutunsu iri uku ne: a manne kamar *football*, da karan ɗori kamar *mother-in-law*, ko a rabe kamar *bus stop* da *post office*. Babu ƙa'idar da ta game duka, ƙamus ne alƙali. Wajen furtawa, galibi rabin farko ake ɗaga wa murya. *Blackboard* da ƙarfi a farko allon aji ne, *black board* da ƙarfi a ƙarshe kowane baƙin katako ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, yaranmu na jin hawa da sauka da wuri, ku tafa a kan gaɓar da aka ɗaga. Wannan zai bi shi har jarrabawar WAEC da JAMB, inda ake tambayar gaɓar da ke ɗaukar nauyi. Jam'i kuma a kan ainihin abin yake sauka: *handbags, toothbrushes*, amma *mothers-in-law*. A irin su *toothbrush* rabin farko a tilo yake zama, shi ya sa ba a cewa *teethbrush* ko da haƙora talatin da biyu ake gogewa.

Mataki na shida: nahawun farko

Kada ku fara da haddar ma'anar suna da aikatau. Yara da yawa na iya zubo ma'anar *noun* tas, amma jimla ɗaya ta gagare su. Ku fara da jimla. Sa'ar da aka yi, jerin kalmomi iri ɗaya ne a harsunan biyu: mai aiki, aiki, wanda aikin ya faɗa wa. Yaro ya sha ruwa, *the boy drank water*.

Lokaci shi ne babban darasi. A Hausa ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ce ke ɗauke da lokaci: na ci, zan ci, nakan ci. A Turanci aikatau ɗin kansa kan canza. Ku rubuta masa layi huɗu a bangon littafinsa. Nakan tafi, *I go*. Ina tafiya, *I am going*. Na tafi, *I went*. Zan tafi, *I will go*. Ku nuna masa yadda tafi ta koma tafiya bayan "ina", haka *go* ke komawa *going* bayan *am*. Kowace rana a ɗauki aikatau ɗaya a zagaya da shi layukan nan huɗu. Sai dai ba kowane "ina" ke zama *am* da *ing* ba. Ina da keke *I have a bicycle* ne, ina son shayi *I like tea* ko *I want tea*. Daga nan "I am having" ɗin da ya cika bakin mutane ke samun gindin zama, gara a tare shi da wuri.

Sai s ɗin mutum na uku: *I sell, she sells*. Ku yi shi da mutanen gida. Me Baba ke yi kullum, me Yaya ke yi? *He drives. She cooks. She reads.* In tambaya ce ko korewa, s ɗin kan *does* yake komawa: *Does she sell? She does not sell.* Haka *did* ke ɗauke shuɗaɗɗen lokaci, a ce *Did you go?* ba *went* ba.

Ed rubutunsa ɗaya, furucinsa uku, kuma a nan foniks ke dawowa. Bayan sauti mara murya t ne: *walked, jumped, washed*. Bayan mai murya d ne: *played, opened, cleaned*. Sai bayan t ko d kaɗai yake zama gaɓa guda: *wanted, needed*. Hannu a maƙogwaro zai raba masa na farko da na biyu. Waɗanda ba sa ɗaukar ed, irin su *go* da *went*, *eat* da *ate*, *buy* da *bought*, *see* da *saw*, biyar a mako, kowanne cikin jimla.

*He* da *she* ba sa wahalar da ɗan Bahaushe, yana da shi da ita. Matsalar *it* ce, domin a wurinmu mota ta lalace, tebur ya karye, komai da jinsinsa. Ku zagaya ɗaki kuna nuna kaya yana cewa *it is a cup, it is a mat*. *You* kuma ita kaɗai ta ɗauke kai da ke da ku.

*A* da *the* ku shigo da su ta labari: na ga wani yaro, yaron yana kuka. *I saw a boy. The boy was crying.* Wani da wata na kusa da *a*, n da r ɗin da muke liƙawa a yaron da yarinyar na kusa da *the*. Amma Turanci na neman *a* har inda mu ba ma sa komai: shi malami ne, *he is a teacher*. Zaɓin *a* ko *an* kuma sauti yake bi ba harafi ba, shi ya sa ake cewa *an hour* amma *a university*.

Jam'i ma akwai wurin lura. Mu mukan ce shekara biyar, mota biyu, sunan ya zauna a tilo. Turanci ba ya yafe wannan: *five years, two cars*, lambar a gaba, s a baya. Sifa kuwa sauƙi ce. Inda muke farin doki, farar riga, fararen riguna, *white* ɗaya ce ba ta motsi. In ya ɗan yi nisa ku gaya masa *advice, furniture, information* da *luggage* ba sa ɗaukar s.

Kullum ya rubuta jimla uku zuwa biyar a kan abin da ya yi a ranar. In ya ce *I go to school yesterday*, kada ku ce "ba haka ba ne". Ku ce, "*You went to school yesterday?* Madalla, sake faɗa min." Kuskure ɗaya za ku gyara a zama, wanda ya shafi darasin makon, sauran ku kau da kai tukuna. Bulala ba ta da wuri a wannan zaman, yaron da ke tsoron kuskure ba ya gwada haɗa sauti, canka yake yi.

Tsarin zama, da lokacin wucewa gaba

Minti uku na farko a bi tsofaffin katuna da sauri. Biyar a kan sabon sauti ko sabuwar ƙa'ida. Biyar a karanta kalmomi da gajerun jimloli waɗanda ku kuka rubuta da sautukan da ya riga ya sani, irin su *The cat sat on a mat* da *A fish is in the pan*. Sauran a yi shifta. Ranar Juma'a ko Asabar kada a ƙara sabon abu, bita kawai.

Don ku san ko karatu yake yi ko hadda, ku ƙirƙiro kalmomi marasa ma'ana da sautukan da aka yi, kamar *fep, nid, stom*, ku gaya masa ba kalmomin gaske ba ne. In ya karanta takwas cikin goma, ku wuce gaba. In ya gaza rabi, ku koma baya mako guda.

Babba ma wannan hanyar zai bi, ɗan kasuwa ne a Taminus ko matar aure a ajin yaƙi da jahilci, sai dai ya fi yaro saurin kama nahawu, yaro kuma ya fi shi saurin kama lafazi. Da babba ku ɗauko kalmomi daga sana'arsa da saƙonnin wayarsa. In kuwa an yi watanni ana zama kullum, yaro bai fara jin bambancin sautuka ba, ko yana kai littafi dab da ido, ko yana yawan cewa "na'am?" in an yi masa magana daga baya, ku kai shi asibiti a duba kunnensa da idonsa kafin a ƙara masa wani darasi.